Shin Toyota Ta Cancanci Kuɗinta Har Yanzu? Yadda Za Ka Tantance Kafin Ka Biya

Duk wanda ya shiga wurin masu sayar da motoci a Kano ko Kaduna ko Abuja da niyyar sayen motar hawa, da wuya ya fito ba a ce masa ya sayi Corolla ko Camry ya huta ba. Shawarar tana da tushe. Tun shekarar 1966 ake ƙera Corolla, kuma zuwa 2021 an sayar da fiye da miliyan 50 a duniya, sannan kamfanin Toyota ne ya fi kowane kamfani sayar da motoci a duniya a kowace shekara daga 2020 zuwa 2024. Sai dai abubuwa biyu sun sauya lissafin mai saye a Najeriya. A ranar 29 ga Mayun 2023 aka janye tallafin man fetur, litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura naira 1,000 kafin ƙarshen 2024, sannan aka saki naira ta nema wa kanta daraja, dalar da gwamnati ke bayarwa a kan naira 460 da 'yan kai ta wuce naira 1,500. Motar da ake sayo ta da dala, a biya kuɗin jirgi da dala, a kuma lissafa kuɗin fitonta da farashin dala, dole ta yi tashin gwauron zabo. A irin wannan hali, ƙarin kuɗin da ake ɗora wa mota saboda sunan Toyota kaɗai ya zama abin da ya kamata mutum ya zauna ya auna.

Ra'ayina shi ne har yanzu Toyota ta cancanci saye, amma da sharaɗi, kuma sharaɗin yana kan motar da ke gabanka, ba kan tambarin da ke goshinta ba. Abin da kake biya wa ƙarin kuɗi a zahiri shi ne samuwar kayan gyara a Ƙofar Ruwa ta Kano da Panteka ta Kaduna da Apo ta Abuja da Ladipo ta Legas, da yawan makanikan da suka san injinta ciki da bai ko a ƙauye ta lalace maka, da kuma saurin samun mai saye ranar da ka buƙaci kuɗinka. Waɗanda suka manyanta sun ga Fijo 504 ta riƙe wannan matsayi a Arewa bayan an buɗe masana'antar harhaɗa ta a Kaduna a 1975, kuma abin da ya riƙe ta shi ne yalwar kayan gyara da masu gyaran, abin da ya sake ta kuma shi ne raguwarsu. Idan motar da za ka saya ta riga ta sha ambaliya ko mummunan haɗari, to duk waɗannan fa'idodi sun koma sauƙin kashe kuɗi a gareji.

Ya kamata kuma a cire wa sunan rigar tsarki. A 2009 da 2010 kamfanin ya janye miliyoyin motoci saboda matsalar totur da ke maƙalewa, har ya biya gwamnatin Amurka tarar dala biliyan 1.2 a 2014 kan ɓoye gaskiyar lamarin. Corolla ta 2003 zuwa 2008 tana cikin motocin da matsalar jakar iska ta kamfanin Takata ta shafa, jakar da kan fashe ta watsa ɓaraguzan ƙarfe a fuskar mutum. A watan Yunin 2024 shugaban kamfanin, Akio Toyoda, ya fito ya nemi afuwa kan kurakuran da aka tafka a gwaje-gwajen neman shaidar inganci na wasu samfurori a Japan. Wannan bai mayar da motar marar kyau ba, ya dai nuna cewa kowace shekara da kowane inji suna da tarihinsu, kuma tarihin ne ya kamata ka sani.

Fara da lissafin mai da aikin da za ka ba ta

Kafin ka taya kowace mota, ka lissafa tafiyar da kake yi a wata. A ɗauka kana yin kilomita 1,000. Motar da ke cin lita ɗaya a kilomita 10 za ta sha lita 100, wadda kuwa ke cin lita ɗaya a kilomita 7 za ta sha kusan lita 143. Ka ninka bambancin lita 43 da farashin mai na garinku, ka sake ninkawa sau 12, za ka ga abin da inji mai silinda shida zai riƙa karɓa a hannunka duk shekara fiye da mai silinda huɗu. Ga ma'aikacin da ke zirga-zirga tsakanin gida da ofis da makarantar yara, Corolla mai inji 1.8 ta wadatar. Camry mai 2.4 ko 2.5 ta fi dacewa da mai yawan doguwar tafiya da iyali. Highlander da Sienna da Camry mai 3.5 motoci ne masu ƙarko, amma wanda ya saye su don a gan shi a ciki, alhali albashinsa bai kai ba, zai riƙa ajiye su a gida yana hawa Adaidaita Sahu.

Ka san injin da ke cikin shekarar da kake so

A nan ne yawancin masu saye suke yin sakaci, domin sun haddace laƙabin mota amma ba su san abin da ke ƙarƙashin bonet ba. Corolla ta 2003 zuwa 2008 tana ɗauke da inji 1ZZ-FE, wanda ke amfani da sarƙa maimakon bel wajen daidaita lokacin inji, don haka babu fargabar tsinkewar bel. Inji ne mai haƙuri, sai dai motocin sun tsufa, mafi ƙanƙantarsu ta haura shekara 15, kuma a 2010 an janye samfuran 2005 zuwa 2008 sama da miliyan ɗaya a Amurka saboda matsalar kwamfutar inji, wadda makanikai ke kira birenbos. Daga 2009 aka koma inji 2ZR-FE, shi ma mai sarƙa ne, kuma a ganina shi ne zaɓi mafi kwanciyar hankali ga mai matsakaicin ƙarfi.

Camry ta 2007 zuwa 2011, wadda 'yan kasuwa ke kira Muscle, tana buƙatar kulawa ta musamman. Ta 2007 zuwa 2009 mai silinda huɗu tana da inji 2AZ-FE mai 2.4, wanda ya yi ƙaurin suna wajen shan baƙin mai saboda yanayin ringin fistin ɗinsa, har kamfanin da kansa ya amince da matsalar ya tsawaita wa masu motocin garanti a Amurka. Daga 2010 aka sa mata 2AR-FE mai 2.5, wanda bai gaji wannan ciwo ba. Ke nan motoci biyu masu kusan kama ɗaya suna iya bambanta ƙwarai a abin da za su ci maka. Wannan zubi na Camry yana kuma da dashbod da kan narke ya yi danƙo idan ya sha rana, abin da mazaunin Sakkwato ko Maiduguri ba zai ɗauka da wasa ba.

Daga 2014 yawancin Corolla da ake kawowa daga Amurka da Kanada suna da giyar CVT, wadda ba ta da hawa-hawa irin na tsohuwar giya, bel ne na ƙarfe ke gudana tsakanin wasu faya-fayi biyu. Tana rage shan mai, amma tana da man giya nata na daban, kuma idan aka zuba mata na gama-gari ta lalace, gyaranta ba kasafai yake yiwuwa ba, sai dai a sayi wata ɗungurungum. Su kuwa masu haɗa fetur da batir, irin su Prius da Camry Hybrid, sun fi kowa sauƙin mai a cikin gari, amma kada ka saya sai an auna lafiyar babban batirin da na'ura, kuma ka tabbatar akwai mai gyaransu a garinku. Batirin yana da fankar da ke sanyaya shi, ƙurar hunturu kan toshe ta, zafi kuma shi ne babban makashinsa.

Lambar shasi ba ta ƙarya

Kowace motar da aka ƙera don kasuwar Amurka tana da lamba mai haruffa da alƙaluma 17, ana ganinta ta gilashin gaba a ɓangaren direba, da kuma a takardar da ke manne a jikin ƙofar direba. Ka duba ka ga biyun sun zo ɗaya, sun kuma dace da abin da ke cikin takardun kwastan. Harafin farko yana nuna ƙasar da aka ƙera ta, J na Japan ne, 2 na Kanada, 1 da 4 da 5 na Amurka. Na goma kuma shi ne shekarar samfurin, inda 1 zuwa 9 ke nufin 2001 zuwa 2009, A ke nufin 2010, B 2011, C 2012, haka har gaba, ban da I da O da Q da U da Z da ba a amfani da su. Wannan ɗan sani kaɗai ya isa ya tsare ka daga wata dabara da ta yawaita, wato a ɗauki Camry ta 2007 a sauya mata bamba da fitilu ta koma kamar ta 2010, a sayar da ita a farashin ta 2010. Idan dillali ya rantse ta 2010 ce amma harafi na goma ya nuna 7, magana ta ƙare.

Da wannan lamba kuma za ka sayi rahoton tarihin motar a intanet daga Carfax ko AutoCheck. Kuɗin rahoton bai taka kara ya karya ba idan aka kwatanta da kuɗin motar. Da yawa daga cikin motocin da ake shigowa da su an sayo su ne a gwanjon Copart ko IAA, inda kamfanonin inshora ke sayar da motocin da suka yi haɗari ko suka nutse, kuma sau da yawa idan ka rubuta lambar a manhajar bincike za ka ga hotunan motar a ranar gwanjon. Motar da aka ɗan buga a bamba aka gyara ba abin gudu ba ce, in dai an rage maka kuɗi. Abin gudu shi ne wadda shasinta ya lanƙwashe, da wadda jakunkunan iskarta suka fashe aka liƙe wurin, da wadda ta sha ruwa. Guguwar Harvey da ta afka wa birnin Houston na Amurka a 2017 ta nutsar da dubun dubatar motoci, kuma bayan kowace irin wannan ambaliya wasunsu kan biyo jirgi zuwa Afirka ta Yamma. Rahoton zai kuma nuna maka abin da maleji ya nuna a lokuta daban-daban. Ka tuna na Amurka da mil yake ƙirga, mil ɗaya kuma kilomita 1.6 ne, don haka motar da ta shekara 12 a can amma malejinta bai kai mil 60,000 ba tana buƙatar hujja.

Duba motar da idonka, da safe

Ka je da makanikenka, ba wanda mai motar ya kawo ba, kuma ka biya shi kuɗin aikinsa a fili don kada ya nemi la'ada a ɗaya ɓangaren. Ku je da sassafe kafin a tayar da injin, ka ɗora hannu a kansa ka ji da sanyi, domin inji mai zafi yana ɓoye ƙarar sarƙa da hayaƙin farko. Kafin a tayar, a murɗa makulli zuwa inda fitilun dashbod ke kamawa duka. Fitilar inji da ta jakar iska da ta birkin ABS dole su kama, sannan su mutu bayan an tayar. Wadda ba ta kama ba tun farko, to an cire ƙwanta ko an rufe ta da baƙin tef. Shuɗin hayaƙi a salansa alamar cin baƙin mai ne, farin hayaƙi mai kauri da bai ɗauke ba kuma alamar gaskit ya ƙone. A buɗe murfin baƙin mai a leƙa, idan akwai baƙin dasƙararren abu kamar kwalta to ba a yi mata juye a kan kari ba, idan kuma akwai fari-fari mai kumfa to ruwa na haɗuwa da mai.

Don gano motar ambaliya, ka ɗaga kafet ɗin ƙarƙashin kujera da na but inda safayar taya ke zama, ka nemi busasshen laka ko tsatsa. Ka jawo bel ɗin kujera har ƙarshensa ka ga ko akwai layin da ruwa ya bari, ka duba ƙarafan da kujera ke gudu a kansu. Turaren da ya yi yawa a cikin motar sayarwa yakan zama ana ɓoye warin damshi ne. Motar Kanada kuwa a ɗaga ta a duba ƙarƙashi, saboda gishirin da ake zubawa a titunansu lokacin ƙanƙara yana cinye ƙarfe. A jiki, ka bi ƙofofi da ƙaramin maganaɗisu, inda ya ƙi kamawa an cika wurin da fila. Ka kuma duba ƙusoshin da suka riƙe bonet da ƙofofi, idan fentinsu ya goge to an taɓa kwance su.

Sai a sa na'urar bincike a soket mai ramuka 16 da ke ƙarƙashin sitiyari, wanda duk motar Amurka daga 1996 take da shi. Kada ka gamsu da cewa ba ta nuna matsala ba. Ka ce a duba ko gwaje-gwajen da kwamfutar motar ke yi wa kanta sun kammala, domin idan yawancinsu ba su kammala ba, alama ce ta an goge bayanan matsala ba da jimawa ba. Lambar P0420 kuma yawanci tana nufin abin tace hayaƙin da ke cikin salansa, wanda makanikai ke kira indomi, ya mutu ko an fasa an kwashe shi, saboda yana da tsada a wurin masu sayen ƙarafa. Bayan haka ka tuƙa ta da kanka na aƙalla rabin awa, cikin cunkoso da kuma buɗaɗɗen titi, da na'urar sanyi a kunne, kana lura da allurar zafi da yadda giya ke shiga. Fizga ko jinkiri tsakanin giya, ko dukan da ake ji idan an sa ribas, ba ƙaramin gyara ba ne, ko da dillali ya ce man giya kawai za a canza.

Takardu

Tun ranar 1 ga Janairun 2017 gwamnatin Najeriya ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa, don haka motar da ta biyo ta Kwatano ko ta Maraɗi ba tare da an biya mata kuɗin fito ba tana iya zama ta kwastan a kowane shingen hanya, ko da ta shekara a hannunka. Ka karɓi takardar biyan kuɗin fiton ka kai ofishin kwastan a tantance lambarta kafin ka biya. Idan ta hannu ce wadda aka riga aka yi wa lamba a nan, ka nemi takardar shaidar mallaka, ka ga mai sunan da ke jiki ko wakilinsa na gaskiya, a rubuta yarjejeniyar ciniki da shaidu, a biya ta banki, sannan a sauya sunan mallaka ba tare da ɓata lokaci ba. Saurin sayuwar Toyota da kayanta shi ne kuma ya sa ɓarayi ke son ta, don haka a bincika rajistar motoci ta 'yan sanda, a kuma sa kuɗin na'urar bin sawu cikin kasafi. Inshorar da doka ta wajabta wa motar hawa ta koma naira 15,000 tun Janairun 2023.

Yaushe ne ya fi kyau ka bar Toyota?

Idan kuɗinka bai kai na lafiyayyar Corolla ba sai wadda ta gaji, to ka duba wasu. Pontiac Vibe, wadda ta cika titunan Arewa, tagwaiyar Toyota Matrix ce, an ƙera ta a masana'antar haɗin gwiwar Toyota da General Motors a Kalifoniya, inji da giyarta na Toyota ne, sai dai kayan jikinta sun fi wuyar samu tunda an daina ƙera ta a 2009. Honda Accord da Civic suna da inji mai kyau, amma ƙafar gaban Accord ta 2003 zuwa 2007 tana buƙatar a riƙa duba ta a kai a kai don kada taya ta fita a kan hanya. Hyundai Elantra takan zo da shekaru ƙasa da na Corolla a kuɗi ɗaya, amma a yi hattara da Sonata ta 2011 zuwa 2014, wadda aka janye da yawanta a Amurka saboda matsalar inji. Motocin Sin sababbi suna zuwa da garanti, abin tambaya a kansu shi ne inda za ka sami kayan gyara a garinku da kuma nawa za a taya idan ka tashi sayarwa. Wanda zai riƙe mota shekara biyu ya sayar, ko mai yawan tafiya garuruwan da babu manyan gareji, ko mai sa ta haya, Toyota ce ta fi masa. Wanda kuwa ke zaune a babban birni, yana da amintaccen makanike, kuma zai riƙe motar har ta tsufa, ƙarin kuɗin sunan ba lallai ya dawo masa ba.

Idan ka saya, kada ka ƙarar da kuɗinka kaf a ciniki, ka ware wani abu na makon farko. A yi juyen baƙin mai da irin wanda aka rubuta a murfin inji ko littafin motar, yawanci 5W-30 ga tsofaffi da 0W-20 ga na baya-bayan nan, maimakon 20W-50 mai kauri da aka saba zuba wa kowace mota, domin waɗannan injuna suna da ƙananan hanyoyin mai da ke sarrafa buɗewar bawul. Man giya ma iri-iri ne, akwai T-IV na tsofaffi, da WS na waɗanda suka biyo baya, da na CVT, kuma ba a musanya su. A zuba ruwan kulan a lagireto maimakon ruwan rijiya da ke haifar da tsatsa, kuma kada ka yarda a cire tamostat ko a haɗa fanka kai tsaye da sunan wai ƙasarmu da zafi, domin hakan yana sa kwamfutar motar ta ɗauka injin bai yi ɗumi ba ta riƙa ƙara masa fetur. A ƙarshe ka karanta alƙaluma huɗun ƙarshe na lambar da ke gefen kowace taya bayan haruffan DOT, biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara, wato 2319 na nufin mako na 23 na 2019. Tayar da ta yi shekaru da yawa a sauya ta ko da zanenta bai goge ba, musamman kafin zafin Maris da Afrilu.